Hoton Ɗan Fari

Yamai, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu Nomau,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Inna Mairo da duk mutanen gida. Yaya ƙugun? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Issouf da yara suna gaishe ka.

Kawu, na san ba ka sauraron saƙon murya a salula, ka ce wanda ya iya riƙe bik ba ya aika surutu. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da rubutun, rabona da takarda tun lakkol.

Ga dalili. Wani ɗan kasuwa da ke kawo mana kaya daga Kotonu ya zo da kwali guda na aparai na ɗaukar hoto, ƙanana, masu shiga aljihu, yana so mu karɓa mu sa a butik. Issouf ya ce wa zai sayi aparai yau, kowa da salularsa? Mutumin ya ce wannan yana da abin da salula ba ta da shi, wato zum sau arba'in. Wai kana wannan gaɓar kogi sai ka ɗauki masunci a wancan ƙetare har ka ga abin da ya kama. Ni da Issouf ba mu san kan abin ba. Sai na ce ai a danginmu akwai wanda ya yi shekaru yana ɗaukar hoton Nasara a Tenere, shi za mu tambaya.

Na ba direban kar, motar fasinja, aparai guda ɗaya ya kawo maka, da abin cajinsa, da kart na ajiye hotuna a ciki. Ka gwada shi yadda kowa zai yi, ba yadda gwani zai yi ba: matar da za ta biki, mai tafiya Makka, ɗalibi. Ka gaya mini gaskiya, mu karɓa ko mu bari. Mutumin zai koma tsakiyar watan gobe, kuma sai mun maida masa wannan ɗin kafin nan.

Ka gaishe mini da ɗanka, Yaya Ilyas. Kwana biyu ba ya ɗaga salula. Ka san ɗaki guda muka tashi da shi a hannun marigayiya innata a Damagaram, shirunsa yana damuna.

Ƴarka,
Nafi

*

Agadas, 9 ga Afrilu

Nafi,

Na amsa gaisuwarki, ina gaida maigidanki da yara. Mairo lafiya. Ƙugu yana nan inda likita ya bar shi. Tun faɗuwar da na yi ina soro, ba na sauka. Matakalar gidan nan kakana ya gina ta don masu ƙafa biyu. In za a sauke ni sai ƙarti sun ɗauke ni kamar buhun gishirin Bilma, unguwa tana kallo, don haka na ce a bar ni. Ina da ɗaki, ina da rufi, ina ganin hasumiyar masallaci da wayoyin kuran, wato lantarki. Iyakar ƙasar da ta rage ke nan ga mutumin da ya karanta labarin ƙasa a jami'a.

Saƙonki ya iso. Da na buɗe kwalin na yi dariya. Aparai ɗin da na yi aiki da shi zamanin da Nasara ke zuwa, in ka rataya shi da safe, da yamma wuyanka ya san ya yi aiki. Wannan kuwa bai fi sabulun wanki ba. In an kunna shi sai idonsa ya leƙo kamar kan kunkuru.

Ga abin da na gani. Da hantsi da bayan la'asar yana fitar da launi daidai, jan bangon unguwarmu ya fito ja, ba ruwan goro ba. Ba ya neman ilimi: na miƙa wa Mairo, ta danna, ta ɗauki akuyarta, akuya ta fito akuya. Zum ɗin ma mutumin Kotonu bai yi ƙarya ba. Na jawo itatuwan da suka fito daga jikin hasumiya har na ga tattabara tana gyaran gashi a kan ɗaya.

Amma ba shi da ramin da ake sa ido, sai gilashin baya. Da rana tsaka in ka duba gilashin, fuskarka kaɗai za ka gani, ni kuwa ban nemi ganinta ba. In ka kai zum ƙarshe, ko numfashi ka yi sai duniya ta yi tsalle. Da azahar zafi yakan sa bango ya yi rawa, wannan ba laifinsa ba ne, amma mai saye zai ɗora masa. Batirinsa safiya ɗaya ce, in kuran ya tafi kuma sai ka jira.

Akwai wani abin wasa a ciki. In ya ga fuskar mutum sai ya zana mata ɗan akwati kore, ya daidaita kansa a kanta. Ya zana wa Mairo. Ya zana wa jaririn da ke jikin gwangwanin madara. Na nufa shi kan mazan da ke wucewa a lungu da rawani har karan hanci, bai san mutane ba ne. Wanda ya ƙera shi bai taɓa zuwa Abzin ba.

Jiya Mairo ta hau ɗaukar kwano ta same ni a bakin rufi.

"Malam, wa kake leƙe tun safe?"

Na ce, "Aiki nake. Daga babban birni aka ba ni."

"Aikin ne ba ya kallon ko'ina sai garaj?"

"Garaj ne ya fi nisa. Da abu mai nisa ake gwada zum."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, mushe," kamar mai magana da malamin lakkol, ta ɗauki kwanonta ta sauka.

Wanda kika tambaya lafiyarsa lau. Shirin tafiya ne ya hana shi ɗaga salula. Ya sayar da rabonsa na garaj, shi da wasu sun haɗa sun sayi motar sahara, za su Jado haƙar zinariya. Ba ni ya gaya wa ba. Ya gaya wa matarsa Ramata, ta gaya wa Mairo, Mairo ta kawo mini tare da furar rana. Na ce Allah ya kiyaye. Me zan ƙara? Na san hanyar nan, na san rijiyoyinta, na san waɗanda suka ƙafe. Garin nan da ya ci abinci da baƙi yanzu ƴaƴansa yake aikawa cikin rairayi su tono masa.

Kullum da safe yakan zo gindin matakala ya durƙusa ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" In ce, "Lafiya." Ya tafi. Garaj ɗin yana can ƙarshen lungunmu, inda fili ya buɗe, nan suke gyaran motar. Da ido daga nan mutane kamar ƙudaje suke. Da aparai ɗinki ina ganin hannunsa cikin inji.

Ki tambayi mutumin Kotonu ko akwai yadda ake hana abin rawa a ƙarshen zum. Kuma kada ki yi zancen nan da kowa.

Kawunki,
Nomau

*

Yamai, 14 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da jiki. Mun gode da bayanin. Issouf ya yi ta dariyar gwangwanin madara har ya karanta wa maƙwabcinsa na kasuwa, amma wannan wurin kaɗai na bari ya gani.

Maganar rawa, mutumin ya ce a ɗora shi kan abin da ba ya motsi. Kuma akwai alamar agogo a gefe. In ka zaɓe ta ka danna, sai ka janye hannunka, shi zai ɗauka da kansa bayan ɗan numfashi.

Yanzu Kawu zan yi rashin kunya, ka yafe mini. Na aiko maka aparai ne ka gwada, ba ka yi gadin Yaya Ilyas ba. Mutum mai mata da ƴaƴa, me kake nema a garaj ɗinsa? So kake ka ga da su wa yake hulɗa, ka sa a kai wa jandarma su tare motar? Don me za ka ce kada in gaya wa kowa, in ba wani abu kake shiryawa ba?

Na same shi a salula daga baya. Ya ce da ayarin Litinin ta farkon Mayu za su tashi. Na ce me Baba ya ce? Ya yi dariya ya ce, "Ya ce Allah ya kiyaye. Ko ranar bai tambaya ba." Dariyar ba ta yi mini daɗi ba.

Na san al'ada. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallon idonsa, shi ya sa aka kai shi wurin innata tun yana yaye. Amma Kawu kai ne ka yi lise. Kai ne ka zo Damagaram muna yara ka ce hana yarinya cin ƙwai camfi ne, ka sa aka soya mini biyu. A nan Yamai mutane suna ɗora ɗan farinsu a wuya su shiga kasuwa. A takardarka ka rubuta sunan Inna Mairo, ka rubuta na Ramata, har akuya ta samu wuri, shi kuwa "wanda kika tambaya". Ni gani nake kunyar ta zame maka maɓoya. Ba ka yafe masa ba ne da ya bar lakkol ya zama makanike.

In kuwa hotonsa kake so, salulata cike take da su. Ka ce kawai, in wanke maka.

Ƴarka,
Nafi

*

Agadas, 19 ga Afrilu

Nafi,

Muna lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Jandarma. Na zauna da kalmar nan yini guda. Ni da na fitar da mutane daga Tenere da ransu, yau ƴar da na sa aka soya wa ƙwai ta ɗauke ni ɗan rahoto. Ba kome. Zamani ne, wanda ya fi saurin magana shi ne mai gaskiya.

Kin ce na yi lise. Na yi. Lise ta koya mini sunayen kogunan Faransa, har yau ina iya jera miki su, ba wanda ya taɓa ba ni ruwa daga cikinsu. Ba ta cire mini ubana daga ƙirji ba. Ubana ya rasu bai taɓa kiran sunan yayana ba, kuma da yayana ya yi ciwo, shi ne ya daina cin abinci. Ku na Yamai ku ɗora naku a wuya, Allah ya ƙara wa wuyan ƙarfi. Mu ba haka aka yi mu ba, kuma ban ce a sake yin mu ba.

Maganar makanike kuwa, a garin nan mai sifana yana ciyar da gida, mai digiri yana zaune a soro yana gwada abin wasan Kotonu. Ki gaya mini wa zai yafe wa wa.

Tunda sai an buɗe miki kome kamar ɗalibar aji ɗaya, to ji. Ƙarƙashin gadona akwai akwatin ƙarfe cike da hotuna. Akwai Jamusawa a kan raƙumi, akwai ayarin gishiri, akwai ƴan Italiya suna kuka don sun ga faɗuwar rana. Akwai Mairo tana amarya, akwai ƙannensa mata tun suna rarrafe, akwai ke da kanki da majina. Shi babu. Mai hoto dole ya tsaya gaban mutum ya ce, dube ni. Ta yaya zan ce masa dube ni? Fuskarsa a gefen ido na san ta, yadda ake sanin rana. Yanzu zai shiga hanyar da na san abin da take yi wa mutane, kuma in aka ce in zana kamanninsa ba zan iya ba. Ina so in gan shi sau ɗaya a natse, ba tare da ya san ana ganinsa ba, in kuma riƙe abin da na gani. Laifin da nake shiryawa ke nan.

Na salularki ki bar su. Waɗannan dariyar da ya yi miki ce. Kuma in kin wanke, Issouf ya sani, gobe Damagaram ta sani, jibi a ce Nomau ya tsufa ya zubar da kunya.

Mu koma aikinku. Alamar agogo tana aiki. Na sa aka ɗora mini ƙaramin buhun gero a bakin rufi, na nutsa aparai a kai. Rawa ta daina, har lambar motar na karanta. Ki gaya wa masu saye wannan, don ba za su gano da kansu ba. Amma dabarar ta abin da ke tsaye ce. Kafin agogon ya cika, mutum ya sunkuya ko ya juya. Ina da bayansa da yawa. Ina da kafaɗarsa, ina da hannunsa da sifana. Sau ɗaya na samu idanu biyu tsakanin rawani, akwatin kore bai fito ba, aparai ya je ya daidaita kan tayar da ke bayansa. Duk da dishi-dishin na ga fari a girarsa ta hagu. Yaushe ya yi furfura? Ba wanda ya hau ya gaya mini.

In zai sha shayi yakan sauke rawanin, amma sai ya juya wa fili baya, yadda mutanen sahara suka koya masa. In za su ci abinci sukan shiga rumfa. A nan ne abin naku ya fi kasawa: a inuwa, a ƙarshen zum, hoton yakan fito kamar an watsa masa tsaki. Wanda zai ɗauki amarya a cikin ɗaki kada ya sa rai.

Rairayi ma ya fara shiga wuyan idon, yana ƙara in zai fito. Na sa aparai ɗin cikin safa. Duk wanda zai zo da shi arewa, ku haɗa masa da jaka mai rufewa.

Nomau

*

Yamai, 24 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa da neman gafara. Na karanta takardarka a bayan butik, na kasa fitowa har Issouf ya leƙo ya ce ko mutuwa aka yi. Na ce a'a, hayaƙin mai tsire ne. Maganar jandarma na janye ta, bakina ne ya riga hankalina.

Kawu, lokaci ya ƙure, kuma mutum ba zai tsaya wa aparai ba in bai san da shi ba. Ka bar ni in gaya wa Yaya Ilyas. Ba zan ce ka roƙa ba. Zan ce kawai akwai aparai a rufin soro, kuma ba ya ganin mai rawani. Sauran ya rage nasa. Ba sai kun haɗa ido ba, ba sai kowa ya ce kome ba.

Ba zan kira salula ba, na san a hannun Inna Mairo take, kuma muryarka har gidan maƙwabta ake jinta. Na kuma san ba za ka iya rubuta mini "na yarda" ba. Don haka ga yadda za mu yi: in ba ka so, ka aiko da layi ɗaya ka ce a'a. In Asabar ta ƙarshe kafin tafiyar ta zo ban ga a'a ba, zan kira shi.

Ƴarka,
Nafi

*

Agadas, 30 ga Afrilu

Nafi,

Gaisuwa. Jiki da sauƙi, wato yana nan yadda yake.

Tun takardar da na buɗe miki cikina ban ji daga gare ki ba. Kullum kar ta iso ina sa a tambaya, a ce babu. In fushi kika yi, ki faɗa. In kuma dariya kuke yi ke da maigidanki, ita ma ki faɗa, na saba.

Aikinku ya tsaya. Shekaranjiya maƙwabcinmu Tijjani, mai sayar da dabino, ya hau soro da kansa, yana haki. Ko zama bai yi ba.

"Malam Nomau, da girmanka?"

Na ce, "Me girmana ya yi?"

"Iyalina sun daina fitowa tsakar gida. An ce abin nan naka yana ganin ƙwayar shinkafa a bakin mutum daga nan har kasuwa."

"Ba gidanka nake kallo ba. Garaj nake kallo."

"Me ke garaj?"

Na buɗe baki, Nafi. Amsar kalma biyu ce. Na dubi Tijjani, wanda muka yi allo tare, wanda shi ma bai taɓa kiran sunan babbar ƴarsa ba. Na ce, "Motoci."

Ya ce, "Motoci. Tun hantsi har la'asar, mutum da ƙugu ɗaya. To, Malam, don Allah motocin su huta."

Na yi masa alkawari. Aparai yana cikin safa, safa tana cikin kwali. Yanzu unguwa ta san Nomau tsohon banza ne mai leƙen matan mutane. Na auna wannan da ɗayar maganar, na ga wannan ta fi sauƙin ɗauka. Kada ki tambaye ni wane irin ma'auni ne, ba a sayar da shi a butik.

Motarsu ta gama gyaruwa, jiya na ji ƙarar gwajinta. Litinin za su tashi. Ina da baya, da kafaɗa, da gira ɗaya. Bayan sun tafi zan ba direba kayanku.

Nomau

*

Agadas, 8 ga Mayu

Nafi,

Ina gaishe ki, ina gaida Issouf da yara. Mairo tana gaishe ki. Ba ta cin abinci sosai, ta ce zafi ne.

Takardarki ta ashirin da huɗu jiya ta iso hannuna, da tabon mai a jikinta. Kar ɗin ta lalace wajen Abalak, aka juye fasinja a wata, jakar saƙonni ta zauna can tare da direba. Don haka ki sani, shiruna ba yarda ba ce, mota ce ta mutu. Da ta iso a kan lokaci da kin ga a'a da manyan baƙaƙe. Ban yafe ba tukuna. Ban kuma ce ki yi nadama ba.

Ga abin da ya faru ran Litinin, tunda ke kika haɗa shi.

Ya zo gindin matakala da hantsi, ya durƙusa. Ya ce, "Baba, za mu tashi."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ku cika bido duka da ruwa a Dirku, kada ku dogara da rijiyar gaba."

Ya ce, "To, Baba."

Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Na jira in ji takunsa, ban ji ba. Sai na ji ya ɗaga murya wajen madafa.

"Inna, motar tana fili, gefen bangon da rana ke bugawa. Zan ɗan tsaya can kafin mu tashi."

Mairo ta ce, "Ka tsaya mana. Wa ya hana ka tsayuwa?"

Ya fita. Ina zaune ina kallon kwalin, ina tuna alkawarin Tijjani. Sai ga Mairo ta hau da buhun gero a ka, ta dire shi a bakin rufi, ta daddanna tsakiyarsa da tafin hannu. Ta ce, "Shanya na kawo, kada tsuntsaye su ci," ta sauka ba ta dube ni ba.

Na ja jiki na fita. Filin cike yake da masu rakiya, an ɗaure bido da buhuna a motar har ta yi doro. Na jawo zum. Na same shi ya rabu da mutane, ya je jikin bangon shi kaɗai, inda ba abin da zai kai mutum. Ya sa hannu ya warware rawanin daga fuskarsa, ya sauke shi har wuya. Bai dubi soro ba. Ya ɗaga kai wajen hasumiya, kamar mai jiran kiran salla, ya tsaya cik.

A hoton farko gwiwar hannuna ta taɓa buhun. Na biyu amalanke ta gitta. Abokan tafiyarsa suka fara danna oda, wani ya zo ya ja hannun rigarsa, ina ganin bakinsa yana zuba. Bai motsa ba. Na danna, na janye hannuna na sa a ƙarƙashin cinya don kada ya ci amanata. Wannan ya fito.

Hancin ubana ne. Ban sani ba, ba wanda ya taɓa faɗa a gabana. Akwai tabo ƙarƙashin leɓensa, tsoho ne, ban san labarinsa ba, ke wataƙila kin sani. Ya daɗe a tsaye bayan na gama, don ba shi da yadda zai san na gama, ni kuma ba ni da yadda zan gaya masa. Na bar shi a gilashin ina kallo har ya gaji, ya naɗe fuskarsa, ya hau mota.

Tijjani yana ƙofar gidansa duk lokacin nan. Ya dubi rufina, ya bi inda aparai ya nufa da ido har fili, ya sake duban rufin. Ya shiga gida. Jiya dai an aiko da dabino daga gidansa.

Sun kira Ramata daga Dirku. Daga can gaba babu layi, sai abin da Allah ya yi.

Hukuncin da kika nema: ku karɓa, amma kada ku cika butik da shi. Mai biki a ɗaki salularsa ta ishe shi. Wanda abin da yake so ya gani yana nesa, kuma a fili, kuma da rana, wannan zai gode muku. Ku gaya masa ya nemi batiri na biyu, ya tsare shi daga rairayi, ya kuma sani a ƙarshen zum hannunsa ba abin dogaro ba ne. Kada ku ce masa sau arba'in ɗin nan duka nasa ne. Rabinsu na wanda ya yarda ya tsaya ne.

Ga aparai ɗin nan a kwalinsa, na goge shi. Da na miƙa shi ba ni da sauran abin da zan duba hoton a ciki. A nan ba zan wanke ba, mai wankin ya san gidanmu, kuma ba bangon da zan rataya shi a ɗakin da mutane ke shigowa gaisuwa. Kart ɗin yana cikin takardar nan, na naɗe shi daban. Ki je da kanki, inda ba a san mu ba. Na baya da na kafaɗa kada ki goge su, ki ajiye. Na ƙarshen ki wanke guda ɗaya, ƙarami, daidai wanda zai shiga cikin hula. Ki ba direban da motarsa ke da lafiya.

Kada ki rubuta kome a bayansa. Na san ko wane ne.

Kawunki,
Nomau